Mai Gasa Burodi da Cinya

Na faɗa a teburin mai shayi a Kakuri cewa akwai Bajamushen da ya gasa burodi da ƙarfin cinyarsa, aka yi mini ca. Wani dattijo ya ce, "Malam, ko shayin ne ya yi maka kauri?" Ku ma na hango ku kuna taɓe baki. To, ku gyara zama.

Sunansa Robert Förstemann, haifaffen garin Greiz a 1986, ɗan sanda ne kuma ɗan tseren keke. Kaurin cinyarsa ɗaya ya haura santimita 70, wato ƙugun wasunku ke nan, ban kama suna ba. A 2015 aka jona masa keken motsa jiki da na'urar gasa burodi mai cin wat 700. Ya taka, ya taka, yanka ɗaya tak ya gasu, gogan naku ya kwanta a ƙasa yana haki. Mai shayinmu ya ce shi da kaskonsa ya fi shi sauri. Nan kam ban yi musu ba.

Na san ciwonku: wai keke na ɗan aike ne. Haba! Iyayenku da suka yi aiki a masaƙar KTL, wadda aka buɗe a 1957, da UNTL, a kan Rale suka kai ku makaranta. Kun samu babur, kun manta mafari.

Keken tseren Robert ba shi da birki, giyarsa ɗaya, kuma ba a sakin feda a huta. Filin tseren na katako ne, mita 250, kwanarsa a karkace kamar gefen ƙwarya. A haka suke zura kilomita 70 a awa. Ku da kuke birki da silifa a lungunan Barnawa, ina kuka tsaya? Robert da abokansa biyu suka ci kambin duniya a 2010, ya ƙara da tagulla a Olamfik ta Landan a 2012.

"Ina ruwanmu?" Da ruwanku. A Olamfik ta Faris a 2024, 'yarmu Ese Ukpeseraye ba ta da irin wannan keken, sai Jamusawa ne suka ara mata, alhali filin tseren na nan a Abuja tun 2003.

Mai sauran gardama ya zo Kakuri gobe da sassafe da kekensa. Burodin ni zan saya.