Salular da ta ƙetare iyaka ba da ni ba

Daren Laraba salulata ta nemi izinin sabunta manhajarta. Na ce bismillah, na kwanta. Gari na wayewa sai ga saƙo, wai ana yi mini barka da zuwa Najeriya. Ni kuwa ina kan tabarmata a ƙauyenmu kudu da Dungass, ko takalmi ban sa ba.

Ashe sabuntawar ta damƙa wa wayar zaɓen rezo, ta kuma buɗe mata datar ƙetare. A bakin iyaka kuwa, eriyar Maigatari ba ruwanta da layin da Faransa da Ingila suka shata; in rezon gida ya yanke, wadda ta samu ita salula ke bi. Kafin in shanye koko, kredin jika guda ya tafi cin kasuwar Alhamis ya bar ni gida.

Na kai ta wurin wani yaro mai cajin waya a tasha. Ya dube ni da tausayi ya ce, "Baba, ai hijira ta yi." Ya shiga saiti, ya kashe otomatik, ya zaɓi layin Nijar da hannu, ya rufe datar ƙetare. Bulutut ɗin da na kashe tun bara ma ya tarar a buɗe yana shan batir. Aikin minti biyu, ya karɓi dala ashirin, ban yi ciniki ba.

Mutanen Tinkim da Dogo-Dogo, in kun sabunta, ku duba sunan da ke saman allo kafin ku kira kowa.