Mu da sabar cikin dare

In ka ga samarinmu na Birnin Kudu sun yi cincirindo wajen mai shayi bayan isha'i, kwamfuta a cinya, an ɗora waya kan katanga tana laluben sabis, kada ka ɗauka ƙwallo ake kallo. Sabar ake shiga, wato wata kwamfuta ta nesa. Tana can Jamus ko Amurka, an kama hayarta, mu kuma muna nan muna ba ta umarni ta SSH, hanyar da Tatu Ylönen ɗan Finland ya ƙirƙiro a 1995 bayan an yi ta satar kalmomin sirri a jami'arsu ta fasaha ta Helsinki.

Shiga da hannu ba wuya. Rigimar tana farawa ne ranar da mutum ya ce ya gaji, zai rubuta ɗan shirin da zai riƙa shiga da kansa ƙarfe biyun dare ya kwafo bayanai. Ya kwanta da murna. Da asuba ya tarar ba abin da ya motsa, don sabar baƙuwa ce, SSH ya tsaya yana tambayar ko an yarda da ita, ga shi ba mai amsawa.

'Yan'uwanmu na Gwaram kuwa, Allah ya bar zumunci, ba sa son doguwar hanya. Sai su kawo sshpass, su rubuta kalmar sirrin ɓaro-ɓaro a cikin shirin, sannan a tura wa aboki ta WhatsApp wai ya duba kuskure. Mu ma ba wai mun fi su ba ne, mun dai fi su iya musu.

Kullum akwai wani babban yaya a gefe da zai ajiye kofi ya ce, "Kai ƙanena, ssh-keygen fa kyauta ne." Ya yi gaskiya. Abu biyu yake ba ka, kamar kwaɗo da mabuɗinsa: kwaɗon ka maƙala a sabar cikin authorized_keys, mabuɗin ya zauna a kwamfutarka, ko amininka ba ya gani. Ka ƙara BatchMode don shirin ya faɗi nan take maimakon ya yi ta jira.

Sai kuma sabis. Hadari na haɗowa, layi ya tsinke, aiki ya mutu a tsakiya. Shi ya sa muke buɗe tmux a sabar, mai riƙe aiki ko layi ya tsinke, tun kafin mu taɓa komai. Wanda ya manta, shayin kowa a kansa yake.