Gidan Wa Mujiya Ta Kalla?

Daren Talatar nan mujiya ta sauka a kan tankin ruwan wani maƙwabcinmu a Kinkinau. Ko kuka ba ta yi ba, wani yaro ya haska ta da fitilar waya ya kurma ihu. Kafin ka ce kwabo layi ya cika: masu jallabiya, masu ɗaurin ƙirji, masu tofi, masu tsakuwa a hannu, sai masu ɗaukar bidiyo, waɗanda suka fi kowa yawa. Mutanen da in kwata ta toshe sai ka rantse sun yi ƙaura zuwa Rigasa, ga su nan reras, har da masu ciwon ƙafa.

Nan take aka buɗe babbar mas'ala: gidan wa ta kalla? Wani dattijo ya ce da idonsa ya ga ta fuskanci gidan mai shagon caji. Mai shagon caji ya ce: "Baba, a ji tsoron Allah, ƙeya ta juya mini, gidan Hajiya mai adashi take kallo." Hajiya ta leƙo ta saman katanga ta ce kallon da aka yi wa gidanta na wucewa ne, amma na gidan hayan da ke tsallake, wannan kam kallon tsanaki ne. Mai gidan hayan bai musa ba. Ya ce lallai gidansa ta kalla, kuma in aka lura sosai, ɗakin nan na ƙarshe ta ƙura wa ido, wanda tun ƙaramar salla bai biya kuɗin haya ba.

To, ita mujiya Allah Ya halicce ta idonta ba ya motsi a cikin gurbinsa. In tana son ganin gefe, kan gaba ɗaya take juyawa, har wajen digiri 270. A zama ɗaya, ko ƙafa ba ta ɗaga ba, ta kalli Tudun Wada, ta waiwayi Unguwar Mu'azu, ta leƙa Kabala West, ta raka tirelolin baifas da ido. In lissafin layinmu daidai ne, an aiko ta ne ga kashi uku cikin huɗu na Kaduna, ɗayan da ya rage kuma ta juyo ta ɗaya ɓangaren ta cike shi. Wani ɗan boko ya kawo shawarar a maimaita bidiyon a hankali, kamar yadda alƙalan ƙwallon Turai ke yi. Aka maimaita. Aka samu saɓani kan ƙiftawa: in ta ƙifta ido a daidai gidanka, ta yafe maka ne ko ta sa hannu ne? Har aka kira assalatu ba a yanke hukunci ba.

Abin da take kallo kuwa yana ƙarƙashin ƙafafunmu. Ɓeraye ne ke sintiri tsakanin bolar da muka tara da kwatar da muka toshe da ledar ruwa. A duk layin nan ita kaɗai ce ma'aikaciyar tsaftar da ke zuwa aiki da dare ba ta tambayi na goro ba, mu kuma muka sallame ta da jifa.

Da a nan aka tsaya, da na yi dariyata na kwanta. Amma gari na wayewa bidiyon ya shiga WhatsApp, an rataya masa sunan wata tsohuwa mai sayar da ƙuli-ƙuli, wadda laifinta mijinta ya rasu, 'ya'yanta suna nesa, kuma ba ta da mai tsaya mata. Yanzu iyaye na hana yara sayen ƙulinta. Mutum ya sallaci asuba a sahun farko, ya dawo gida ya liƙa wa baiwar Allah maita da babban yatsa, ya ɗora da "Allah Ya kare mu". Daga wa? Ban taɓa jin an ce mujiya ta kalli gidan mai katanga da waya mai lantarki ba. Kullum idonta kan gidan marar gata yake faɗawa.

Haka muka yi da ungulu. Duk wanda ya girma a garin nan ya san lokacin da take jeruwa a kan rufin mahauta, tana kwashe abin da zai ruɓe ya sa mu cuta. Je ka wajen mahautar Zango yau ka ɗaga kai ka ƙirga. Mun zage ta da ƙazanta, sannan muka bi ta bayan fage muna sayen kanta wajen masu tsibbu don neman sa'a. Tun shekarar 2015 ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta sa irin ungulun garuruwanmu cikin tsuntsayen da ke gab da ƙarewa. Ana cewa ungulu ta koma gidanta na tsamiya. Tsamiyar ma mun sare ta mun gina shaguna uku da wurin cajin waya. Shamuwa ta zo da damina ta rasa masauki, mu kuma muna fifita da kwali muna cewa zafin bana daban ne.

Hankaka kuma wai mai da ɗan wani naka. Shi fa bai saci ɗan kowa ba, wata tsuntsuwa ce ke lallaɓowa ta saka masa ƙwai a sheƙa, ya ƙyanƙyashe ya ciyar. A layinmu mutum nawa ne zai riƙe maraya shekara guda bai yi masa gori ba?

Wadda ta fi ba ni tausayi ita ce balbela, ci da motsin wani. Ita dai saniya take bi, in fara ta tashi ta cafke, kuma ba ta taɓa tafiya gida da leda ba. Je ka ɗaurin aure ranar Asabar ka ga na ainihi. Fari tas, guga har tana yanka, sun jeru tun kafin waliyyi ya iso. Ana shafa fatiha su bi motsin jama'a zuwa walima, su ci a nan, su sa na yara a aljihun babbar riga, su karɓi na wani da ya je alwala wanda ba a taɓa ganin dawowarsa ba. Sai cinya ta biyu ta sauka sannan mutum ya karkato ya ce: "Malam, wai 'yar wa ake aurarwa?" Wani ma har hoto yake shiga, kafaɗa da kafaɗa da ango; dangin amarya na zaton na ango ne, dangin ango na zaton kawun amarya ne.

Asabar mai zuwa ma akwai wani a layin baya, an ce sa guda za a kayar. Ban san angon ba, amma farar shaddata tana wajen mai guga.