Yadda Na Shayar da Kabewa Giya

Ni mutum ne mai son laƙani. In ka ce mini abu kaza sai an yi gumi, da kunne ɗaya zan saurare ka. Amma ka rage murya, ka waiga hagu da dama, ka ce akwai wani ɗan sirri da ba kowa ya sani ba, to ka gama da ni. Ni ne na taɓa sayen ƙullin magani a motar Kano zuwa Zariya don mai tallar ya rantse yana maganin basir da mantuwa da baƙin jini a lokaci guda. Na ɗauka boko da zaman Ingila sun raba ni da wannan ɗabi'a. Ashe hali zanen dutse ne, tare muka hau jirgi.

A nan Ingila ƙananan hukumomi suna ba da hayar 'yan filaye a gefen gari, kowa ya noma abin miyarsa. Sai da na shekara uku a layi kafin na samu nawa. Niyyata mai kyau ce: alayyafo, tumatir, da 'yar kabewa saboda miyar taushe. Ranar da na je karɓar mabuɗi na leƙa fulotin maƙwabcina, wani tsohon Bature da ya yi ritaya daga tuƙin bas, na ga wani abu kwance an lulluɓe shi da zanen gado kamar bijimin da zazzaɓi ya kayar. Ya yaye zanen, sai ga kabewa. Guda ɗaya tak. Ya ce za ta kai kilo 150, kuma a cikin masu wannan harka shi ɗan koyo ne.

Daren nan ban yi barci da wuri ba. Na karanta labarin Howard Dill, manomin garin Windsor a yankin Nova Scotia ta Kanada, wanda ya kwashe shekaru yana tace iri har ya fitar da wanda ake kira Atlantic Giant, kakan kusan duk ƙattin kabewar da ake gasa da su yau. Na ga hoton ta Travis Gienger, malamin koyar da aikin lambu daga Minnesota, wadda aka ɗora a sikeli a Half Moon Bay ta Kalifoniya a 2023 ta ba da kilo 1,247. Na lissafa da buhun masara, buhu goma sha biyu da ɗoriya ke nan a jikin 'ya ɗaya. Aka ce in girma ya kankama tana iya ƙara kilo 20 a yini. Kafin asuba na manta da alayyafo.

Da bazara ta zo tsohon ya ba ni ƙwayar iri biyu kyauta, ni kuwa na tsare shi da tambayar da ta kawo ni duniya: mene ne sirrin? Ya lissafa mini da yatsu. Takin doki ruɓaɓɓe, a zuba tun kafin hunturu. A bar 'ya ɗaya a jikin uwa, a tsinke sauran ba tausayi. A binne yaɗon a kowace gaɓa don ya yi sabuwar saiwa. A yi wa furen barbara da hannu da sassafe. A shimfiɗa yashi a ƙarƙashin 'yar, a yi mata inuwa kada fatarta ta yi tauri ta tsage. Ruwa kuma kullum, ba fashi. Ina ta gyaɗa kai, a zuci ina cewa wannan ai wahala ce, kowa ya san ta. Na matsa kusa na rage murya na ce, "Baba, ban da waɗannan fa?" Ya yi dariya, ya nuna wata farar jarka a gindin rumfarsa, ya ce, "Sai kuma kingin giya." Yayyafi ya sauko, ya ɗauki kekensa ya tafi. Ban bi shi da tambaya ba. Mai son laƙani ba ya son dogon bayani, tsoro yake kada bayanin ya ɓata masa laƙanin.

Ni ko ƙanshinta ban taɓa so ba, balle kurɓa. Amma kafin in isa gida na buɗe majalisar fatawa a cikin kaina, ni ne mai tambaya, ni ne mufti. Ba sha zan yi ba. Ba saya zan yi ba, wadda za a zubar ce. Kabewa kuma ba mukallafa ba ce. Majalisa ta watse kowa ya gamsu.

Samo ta ne aiki. Akwai wata mashaya kusa da filayen, inda suke tara abin da ya ɗiga daga famfo da guntayen da mashaya suka bari a kofuna. Na yi minti ashirin a tsallaken titi da jarka a hannu, na ja hular sanyi har gira, ina duban duk motar da ta wuce ko ta ɗan gida ce. Da na zagaya ƙofar baya, matar da ke aiki a wurin ta cika mini jarkar ba musu, ta ce, "Na katantanwa ne ko?" Ban gane ba. Na ce da ita cikin isa, "Na kabewa ne." Ta yi mini irin kallon da ake yi wa wanda ya sa riga a bai-bai, ta ce Allah ya ba da sa'a, ko dai abin da ya yi kama da haka a bakinsu.

Murfin jarkar bai zauna daidai ba. A shataletalen farko na ji ta kife a but ɗin motata. Na wanke da sabulu, na zazzage turare, na bar gilasai a buɗe kwana biyu, abin sai ya koma warin mashayin da ya shafa turare. Uwargida ta shiga motar ta shaƙa sau ɗaya, ta juyo ta ce, "Abban Hafsa, akwai abin da kake son gaya mini?" Na gaya mata gaskiya, na ga a fuskarta ta rasa wanne ya fi sauƙi, a ce mijinta ya fara sha ko a ce hankalinsa ya fara taɓuwa.

Ranar Juma'a kuma, bayan an sauko, limaminmu ya nemi in rage masa hanya. Tabarmar kunya da hauka ake naɗe ta, sai na riga shi magana. Na ce, "Allah gafarta Malam, wani abokina ne ya ce in tambaya, mene ne hukuncin wanda ya yi wa shuka ban-ruwa da giya?" Malam ya sauke gilashi kaɗan. Ya ce abin da shukar ta haifa tsarkakakke ne, amma giya najasa ce, kuma mai dakonta bai kuɓuta ba ko da bai kurɓa ba. Muka yi shiru har ƙofar gidansa. Da zai fita ya ce, "Ka gaida abokin naka. Ka ce masa ya sake wanke but ɗin."

Duk da haka ban daina ba, don na riga na sha kunyar, ban ga dalilin asarar ribar ba. Sau biyu a mako nake tuttula rabin jarka a gindin shukar. Ƙasa ta yi danƙo, ƙudaje da rina suka kafa sansani, ganye ya soma rawaya yana langaɓewa. Na ce ai haka magani mai ƙarfi yake, sai ya jijjiga jiki tukuna. Na ninka awo. Wani dare na zo da tocila don in ga yadda kabewa ke girma a cikin duhu, kamar yadda na karanta, sai na tarar da biki. Katantanwar nan marar ƙoƙo da ta addabi lambunan ƙasar nan, baƙaƙe da jajaye, wasu tsawon yatsa, sun yi dafifi a kan yaɗon, sun mayar da ganye rariya, sun ƙwaƙule gefen 'yar kabewata. Na ƙirga har sittin na gaji.

'Yata Hafsa, wadda ke aji huɗu a sakandare, ita ta zaunar da ni. Ta ce giya fiye da kashi 90 cikin ɗari ruwa ce, barasar cikinta kashi 4 zuwa 5, abincin shuka kuwa ɗan abin da ke ciki bai taka kara ya karya ba. Sukarin da ya rage ƙwayoyin cikin ƙasa ne ke cinyewa, kuma garin cin nasa suna wawushe sinadarin naitrojin da saiwa ke nema. Ta nuna mini binciken da aka yi a Jami'ar Cornell a 2006, inda aka gano ruwa mai barasa kashi 4 zuwa 6 yana hana wani fure tsawo, har masu son gajeren fure suke amfani da shi da gangan. Wato ni da nake neman ƙatuwa, maganin wadanci nake ta ɗurawa. Garin neman ƙiba na samo rama, a kan kuɗin makarantar da ni nake biya aka karanta mini.

Washegari na je wa tsohon da ƙorafi. Ya kama hannuna ya zagaya da ni iyakar fulotinsa, can nesa da shukar, ya nuna mini 'yan kofunan roba da ya binne, kowanne da giya rabi da gawar katantanwa a ciki. Ƙanshin yis ne ke jawo su, su faɗa su nutse. Aikin jarkar ke nan. Ya ce bana dai kofunan nasa ba su kama abin kirki ba, ya yi ta mamakin inda suka tafi, yanzu ya gane, kuma ya gode.

Abin da ya fi ci mini rai, duk abin da ake buƙata ya faɗa mini tun ranar farko, a fili, kyauta, da yatsu shida. Na bar shida na rungumi na bakwai don shi kaɗai ne ba ya buƙatar in tashi da asuba. Na san ba ni kaɗai ba ne, don na ga masu neman addu'ar cin jarrabawa ranar jajibiri, na ga shayin rage tumbi a kicin ɗin mutanen da ba za su taka daga gida zuwa masallaci ba. Mahaifiyata a Funtuwa ba ta san Howard Dill ba, amma kabewarta a kan juji take fita, toka da kashin awaki ne abincinta, kuma duk shekara sai an yi kyauta da ita.

A watan Oktoba na ɗora tawa a sikelin banɗaki, kilo 9. Ta tsohon sai da aka kira mutum shida da tamfol. Uwargida ta ce fatawar Malam tana kanta, amma 'yar mashaya ba za ta shiga tukunyarta ba, sai muka sayo ta taushen a shagon Indiyawa.

Bana na zuba takin doki tun kafin sanyi, baro goma sha ɗaya, bayana shaida ne. Sai dai makon jiya wani mai fuloti a can ƙarshen layi ya rage murya ya ce mini mutanen da a Amurka madara suke ba kabewa. Don Allah duk wanda ya gan ni na nufi lambu da galan ɗin madara, ya ƙwace, kada ya saurari bayanina.