Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Wasan Fantasi, Daga Malumfashi

Ranka ya daɗe Malam Fantasi,

Mai wannan wasiƙa manomi ne a Malumfashi, kuma majalisarsu ta bayan la'asar ce ta ɗora masa wannan aiki, saboda an ce shi ne ya fi kowa cutuwa. Ya san sunanka na takarda Fantasy Premier League, ya san an haife ka a kakar 2002/03, ya kuma ji labarin cewa mabiyanka sun taɓa haura miliyan 11 a kaka guda. To a nan garin Galadiman Katsina, Fantasi kawai ake ce maka, kamar yaron maƙwabta.

Da farko dai an gode da jari. Babu bankin da zai dubi mai gonar buhu ashirin ya danƙa masa fam miliyan 100 ba jingina ba mai tsaya masa, amma kai ka yi. Kuɗin sun zarce naira biliyan 100. Mai wasiƙa ya taɓa zama ya lissafa buhunan takin da za su saya, sai wayarsa ta mutu kafin ya gama. Sai dai jarin naka bai sayen ko tiya ɗaya ta masara. Abin da yake saya mutum 15 ne: masu tsaron gida biyu, 'yan baya biyar, 'yan tsakiya biyar, 'yan gaba uku, kuma kada a ɗebi fiye da uku a ƙungiya guda. A kasuwar Bakori ko Dandume ba a taɓa jin dillalin da ya ce wa mai kuɗi shanu uku kawai zai ɗauka daga garke ɗaya ba.

Babban ƙorafin shi ne kai ma noma ne, amma ka ɓoye. Mutum ya zaɓi iri, ya shuka, ya zauna jira. Bambancin kawai, manomin masara yana ɗaga kai ya ga hadari a gabas, ya shaƙi iskar ruwa, ya san abin da ke tafe. Naka hadarin yana can Ingila, a cikin kan masu horarwa irin su Pep Guardiola. Talaka ya kashe miliyoyi a kan ɗan wasa, ya ɗaura masa kambun kyaftin don makinsa ya ninka, ranar Asabar sai a hasko shi a benci ya naɗe hannu cikin rigar sanyi. Ko fari ba ya yin haka. Shi aƙalla yana ba da alama.

Sai maganar lokaci. Kana buɗe kaka a watan Agusta, daidai lokacin da ruwa ya kankama, ciyawa ta taso, kowa na neman kuɗin taki na biyu. Kana rufe ƙofar canji minti 90 kafin wasan farko na mako. Idan wasan na ƙarfe 12:30 ne ranar Asabar, to ƙarfe 11 an rufe, kuma a wannan sa'a duk mai hankali yana gona. An ga magidanci ya soka fartanya a kunya, ya goge hannu a riga, ya haye tudu yana ɗaga waya sama, 'yan ƙodago na kallonsa suna zaton rasuwa aka yi. Ba kowa ya mutu ba. Ɗan bayansa ne ya ji ciwo a cinya.

Ana cikin haka, ranar Lahadin ƙarshe ta Oktoba, ana tsakiyar karyar masara da tsinkar auduga, sai mutanenka su ja agogonsu baya da awa guda ba tare da sun shawarci kowa ba. Rana a Malumfashi tana nan inda take. Ƙarfe 11 ta koma 12, sai ƙarshen Maris a sake dawo da ita, wanda bai ankara ba ya tarar an kulle.

Mai wasiƙa yana so ya tuna maka da 2021, ko da yake ba laifinka ba ne. A watan Satumba na shekarar aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina saboda matsalar tsaro, har da Malumfashi da Funtuwa da Bakori. Damuwar jama'a a lokacin ta fi gaban ƙwallo nesa ba kusa ba, wannan kowa ya sani. Amma gidan kallo da tauraron ɗan'adam yake aiki, don haka ana ganin wasa sarai, taɓa tawaga ce ba hali. Ranar 11 ga Satumba Cristiano Ronaldo ya dawo Manchester United ya ci Newcastle biyu, masu cewa "sai gobe zan saye shi" suna zaune suna haɗiyar yawu. Ranar 24 ga Oktoba Mohamed Salah ya zura wa Manchester United uku a Old Trafford aka tashi 5-0, ya kwashi maki 24. Wani tela da ya bar kambun a hannun Salah tun kafin sabis ya ɗauke ya samu 48 yana kan kekensa, bai san ma ya samu ba. Da layi ya dawo wajen Disamba, sai aka tarar waɗanda ba su taɓa komai ba sun wuce masu hawa mota su je wani gari su yi canji, kowane ƙarin canji kana zaftare musu maki huɗu. Majalisa har yau ba ta son a tayar da wannan zance.

Ka kuma ɓata tarbiyyar gidan kallo. A da, ɗan Arsenal ɗan Arsenal ne, a ci shi ya tafi gida ya ƙi cin tuwo. Yanzu sai a ga tsohon ɗan United an zura wa ƙungiyarsa ƙwallo, bakinsa na salati, ƙafarsa na rawa a ƙarƙashin benci, saboda wanda ya ci kyaftin ɗinsa ne. Sai ka ji ana tambayar "wa ya ba da fasin?" kafin a tambayi nawa da nawa ake, don mai bayarwa maki uku gare shi. Kishin ƙasa ma bai tsira ba. Mutum zai sayi Ola Aina ko Alex Iwobi yana cewa namu ne, da an kira su gasar cin kofin Afirka sai ya sayar da su tun ba su hau jirgi ba.

An ce Magnus Carlsen, gwanin dara irin ta Turawa na duniya, ya taɓa hawa na ɗaya a cikin mabiyanka gaba ɗaya a Disamba 2019. Majalisa ta ji, ta kuma lura cewa bawan Allahn ba shi da gona.

Roƙon bai da yawa. Cikin katunan alfarmar da kake rabawa, da na sauya tawaga kyauta da na ninka kyaftin sau uku, a ƙara guda ɗaya na kaka, wanda manomi zai danna a Oktoba tawagarsa ta kula da kanta har a gama sussuka. A bar agogo wuri ɗaya. Sannan a riƙa yi wa su Pep magana.

Uwargidan mai wasiƙa ta ce a shaida maka cewa ta san kuɗin datar nan daga buhun waken suya suke fita.

Naka, mai riƙe da matsayi na 17 a gasar majalisa ta mutum 18. Na ƙarshen ya manta lambar sirrinsa tun mako na biyu.