Landirofar Alhaji a Lungunan Sheshe

Turawan Ingila da suka fito da Land Rover a 1948, saboda gona da taɓo da hawan dutse suka ƙera ta. Ba wanda ya gaya musu akwai wata unguwa a cikin birnin Kano mai suna Sheshe, inda za ka tarar da lungun da in ɗan garuwa ya kunno kai da kurarsa, sai kowa ya manne da bango. To a nan wani Alhaji ya ga ya dace ya mayar da tsohuwar Landirofa motar zuwa cefane.

Kada ka kuskura ka kira ta akwala a gabansa. "Yaro, wannan ƙarfen da ne. Irinta Di'o yake hawa ya fita rangadi." Da gaskiyarsa, don jikinta na alminiyam ne, ba ya tsatsa. Abin da Alhaji ba ya faɗa shi ne, Di'o ba da kuɗin aljihunsa yake zuba mai ba, kuma ba a taɓa ganinsa yana neman wurin juyawa a bakin Kurmi ba.

Bayan sallar asuba ake fara shagalin. A murɗa makulli, ta yi tari sau biyu, ta yi shiru. Sai ka ji, "Samari, a kawo ɗauki!" Almajirai su ajiye allo, mai shayi ya bar tukunya a wuta, har ladan ba ya tsira in ya makara a ƙofar masallaci. An ce ƙafafunta huɗu duka suna ja. A Sheshe dai ƙafafun da ke janta na mutane ne, kuma silifas ne a jikinsu.

Tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023, 'yan bumburutu har ƙasa suke gaishe shi. Kayan gyara kuwa, kamfanin da kansa ya daina ƙera tsohon samfurin Defender a 2016, balle kakarta. Makanike ya zagaye Ƙofar Ruwa ya dawo ya ce sai an aiko daga Legas, kafin nan kuma ya ɗaura abin da ya samu. Yanzu kafireton na Peugeot ne, fitila ɗaya ta Adaidaita Sahu, ƙofar baya kuma igiyar guga ce ke riƙe da mutuncinta.

Mu 'yan majalisa ma ba kanwar lasa ba ne. Mu ne masu dariya in ta wuce tana hayaƙi, mu ne kuma masu sallama a zaure in biki ya taso. "Alhaji, ko motar tana kusa? Gara za a kai Ɗorayi." Ragon layya, buhunan masara daga ƙauye, katakon rumfar suna, duk ita. Kuɗin mai? "Allah ya saka da alheri, Alhaji." Lagireto bai taɓa sanyi da wannan addu'a ba, amma ba mu fasa ba.

Kwanaki 'yan gwangwan suka zo tayawa, muka fara murna a ɓoye. Sai ɗan autansa ya nuna masa a Facebook cewa a Turai masu kuɗi rububin irin waɗannan tsofaffin motoci suke yi. Shi ke nan ciniki ya watse. Yanzu in za a tura ta da safe, Alhaji tsayawa yake ya duba hannun kowa tukuna, wai kada a ɓata masa fenti.