Ire-iren Masu Cinikin Kayan Kare Muhalli a Kado

Cinikin kayan da aka sake sarrafawa, da waɗanda ake cewa ba sa cutar da muhalli, ya kasu gida biyu a unguwar Kado da ke Abuja. Gida na farko tsoho ne, ba shi da allon talla. A nan ake samun tukunyar da aka zuba da narkakken gwangwanin lemo, da takalmin taya, da rigar gwanjo, kuma rashin kuɗi ne ke kai mutum. Gida na biyu sabo ne, mazauninsa cikin waya da shaguna masu sanyin na'ura. Kayan kusan iri ɗaya ne, sai dai an rataya musu ɗan kati mai hoton ganye, kuɗin kuma ya ninka. Kado na tsakanin Jabi da Gwarinpa da Life Camp, inda ake zubar da shara mai tsada, ga kuma tsohon ƙauyen Gbagyi da kasuwar kifi a gefe, don haka mutanen gidajen biyu kullum suna gogayyar kafaɗa.

Tushen sana'ar shi ne ɗan jari-bola, wanda mutanen Abuja ke kira baban bola. Galibi matashi ne daga jihohin Arewa. Kayan aikinsa buhu da ƙugiyar ƙarfe da guntun maganaɗisu, in ya yi ƙarfi ya sayi kura. Bai taɓa zuwa taron bita kan sauyin yanayi ba, amma ya san ƙarfen da maganaɗisu ya ƙi kamawa, irin su jan ƙarfe da alminiyon, shi ne mai kuɗi. Daga bakin kwandon shara yake sanin gidan da aka yi biki jiya, da gidan da likita ya hana maigida shan zaƙi. Hukumar Kare Muhalli ta Abuja ce ke kwashe shara zuwa jujin Gosa, sai dai kafin motarta ta iso ya riga ya zaɓe duk abin da za a iya ɗora wa sikeli.

Wannan jinsi yana da wani reshe mai gaggawa, wanda ba ya iya haƙurin jiran abu ya tsufa. Shi ke sake sarrafa murfin ramin kwata tun yana kan titi, da wayar fitilar hanya tun tana kawo wuta. Saboda irinsa ne hukumomin Babban Birnin Tarayya suka hana yawon jari-bola a cikin gari a watan Janairun 2025, suka kuma dakatar da kasuwannin panteka na mako biyu. Masu neman halak a cikinsu suka sha ukubar da ba tasu ba.

Idan ɓera na da sata, daddawa ma na da wari, shi ya sa dole a ambaci mai sikeli. Yana zaune ƙarƙashin rumfar kwano da sikelin rataye da kalkuleta mai gogaggun lambobi. Ilminsa ya tsaya kan ƙa'idoji biyu: duk kayan da aka kawo masa akwai ruwa ko yashi a ciki, sai an rage, kuma kamfani ya karya farashi jiya da yamma. Ba a taɓa jin ranar da kamfani ya ƙara ba. Daga hannunsa ƙarfe ke hawa tirela zuwa masana'antun narka ƙarfe na Ikorodu da Ogijo ya dawo a matsayin rodi, roba kuma a niƙe ta a tura masana'antu irin na Kano ta zama bokiti da buta da silifa. Ba abin mamaki ba ne mutum ya yi alwala da tsohuwar kujerar da ya jefar bara.

Mai gwanjo ya fi kowa tarihi. A takarda, dokar kwastan ta hana shigo da tsofaffin tufafi Najeriya. A aikace, diloli na sauka a tashar Kwatano su bi hanyoyin da suka sani, wasu su cika Ƙofar Wambai a Kano, wasu su bazu a bakin titunan Abuja da yamma. Mai gwanjo ba ya furta kalmar tsoho. Kayansa duka na Landan ne, an ɗan sa su kaɗan, kuma mai su ya gaji da kalar ne kawai. Yana iya sayar da rigar sanyin ƙanƙara a tsakiyar zafin Maris ta hanyar tuna wa mai saye cewa hunturu na nan tafe. Hujjarsa mafi ƙarfi gaskiya ce: rigar da ta jure mai ita na farko da doguwar tafiyar teku ta riga ta ci jarrabawar da sabuwar kanti ba ta zauna ba tukuna. Ranar fasa dila ita ce babbar ranarsa, ranar da matan da ke gaisawa cikin mutunci a wurin biki ke fizgar zanen gado ɗaya ba mai kallon idon wata.

Masu sayen gwanjo kashi biyu ne, kuma sau da yawa gida ɗaya suke kwana. Akwai mai ɓoyewa. Takan ajiye mota nesa, ta zo bayan magariba lokacin da aka kunna fitilar caji, ta saya da sauri. A gida za a wanke rigar, a sake wankewa, a turara ta da turaren wuta har sai warin maganin dila ya sallama. Idan aka yaba, amsar a shirye take: ƙanwarta ce ta aiko daga Dubai. Akwai kuma 'yarta, wadda ta yi karatu a Ingila. Ita ma daga dilar ta zaɓa, amma sai ta ɗauki hoto ta sa a Instagram, da dogon bayani kan yawan ruwan da ake kashewa wajen noman auduga. Uwar na ganin an tona mata asiri, 'yar na ganin ta ceci duniya.

A gida na biyu, sarautar tana hannun Hajiyar intanet. Shagonta WhatsApp da Instagram. Hajarta man kaɗanya, sabulun salo, soso, asuwaki, faifai, da jakar da aka saƙa da ledar fiya wata, wato duk abin da kakarta ke amfani da shi ba tare da ta san tana kare komai ba. Man kaɗanyar matan karkarar jihohin Neja da Kwara ne suka tsinto ƙwarar, suka daka, suka dafa. Aikin Hajiya shi ne ƙaramar kwalba da rubutun Turanci. Ba ta faɗin farashi a fili, sai dai a bi ta ciki. Idan ciniki ya faɗa, za ta naɗe sabulun da ke yaƙi da leda a cikin leda biyu, ta sa a kwali, ta liƙe da salatif, ɗan aike ya ƙona fetur daga Kado zuwa Asokoro. A cikin irinta akwai masu gaskiya da ke biyan matan ƙauye hakkinsu. Gane su ba wuya: a tambayi sunan ƙauyen da kuɗin da aka biya. Mai gaskiya za ta faɗa nan take, ɗayar kuma sai ta fara bayanin amfanin kaɗanya ga fata.

Babban kwastomanta shi ne ma'aikacin ƙungiya mai zaman kanta. Ana gane shi da gorar ruwa ta ƙarfe da jakar yadi mai tambarin taron bita. Irin wannan jaka ya tara su da yawa, duk an raba masa ne don a rage leda, kuma duk suna gida ranar da ya shiga kasuwar kifi ta Kado. Wannan ba ya hana shi wa'azi. Zai gaya wa mai kifi cewa Ruwanda ta hana leda tun 2008, Kenya ta bi sahu a 2017, Legas ma ta hana farin mazubin abinci na soso a farkon 2024. Duk gaskiya ne. Mai kifi kan saurara da ladabi, sannan ya ce, "To Yallaɓai, a hula zan zuba maka tarwaɗar?" A duk tsawon muhawarar, motarsa na kunne a waje don kada cikinta ya yi zafi.

Kishiyarsa ita ce mai neman ƙarin leda. Ko albasa ɗaya ta saya sai ta ce, "Malam, ƙara min leda." A gidanta akwai wata babbar leda da aka keɓe don ajiye ledoji.

Mai tambayar asali ya fi su wahalar sha'ani. Yawanci Bature ne ko ɗan ƙasa da ya daɗe a waje. Kafin ya taɓa kaya sai ya san wa ya yi, a ina, kuma ko an sa yara aiki. 'Yan kasuwa sun gano amsar da yake so, shi ya sa yanzu da wuya a sami tabarma ko kwando a Abuja da ba matan da mazansu suka rasu ne suka saƙa ba. Ya fi son tukwanen Gbagyi, musamman na Ushafa, ƙauyen da shugaban Amurka Bill Clinton ya ziyarta a 2000. Ya san labarin Ladi Kwali, mai ginin tukwanen da hotonta ke bayan takardar naira 20. Amma da an zo tayi sai tausayi ya tafi hutu: zai yi ta ragi har sai mai tukunya ta ce albarka cikin ɓacin rai, in an daidaita kuma ya tsaya jiran canjinsa, har da mai hoton Ladi Kwalin. Randar da ya saya, wadda ke sanyaya ruwa ba da wutar lantarki ba, a falo take ƙarewa da furen roba a bakinta.

Akwai wadda kasuwannin biyu ba sa samun ko sisi daga gare ta, ita ce Iya, mahaifiyar maigida da aka ɗauko daga Katsina ko Zariya don ta huta. Ba ta saye, ba ta zubarwa. Robar ayis kirim da jika ya buɗe da murna miyar kuka ce a ciki. Gwangwanin biskit na zare da allura ne. Zani in ya tsufa ya zama na shimfiɗar jariri, daga nan ya koma tsumman goge ɗaki, ragowar a yi gammo. Surukarta na jefa abu a shara da safe, da la'asar ta gan shi a wanke a kan taga. Yawancin saɓanin da ake ji a irin waɗannan gidaje a kan kwalbar man gyaɗa yake farawa.

Mai haɗa kowa da kowa shi ne maigadi. Kwandon sharar gida na bakin ƙofarsa, saboda haka shi ke da haƙƙin zaɓen farko. Gorunan ruwa yakan tara wa mai zoɓo da kunun aya, kwalabe wa mai gyaɗa, kwalaye da ƙarafa kuma wa baban bola guda ɗaya tak da suka ƙulla yarjejeniya, galibi ɗan garinsu. Duk wani mai kura da ya leƙo, ɓarawo ne a wurinsa, kuma zai kai rahotonsa ga Alhaji. Wannan kuɗin shiga ba ya cikin albashi, masu gida ma da yawa ba su san da shi ba, amma yana cikin abin da maigadi ke dubawa kafin ya karɓi aiki. Gida mai yara da yawa da baƙi ya fi daraja a kan gidan tuzuru mai cin abinci a ofis, ko da albashin ɗaya ne. In zai bar aiki, shi ke kawo magajinsa, ya nuna masa ranakun da motar shara ke zuwa, ya kuma gabatar da shi ga mai zoɓo.